Ɗalibin da Mota ta Tafi da Shi

Duk wanda ya daɗe yana shiga mota a tasharmu ya san labarin ranar da mota ta tafi da Bincike. Waɗanda aka yi abin a gabansu sun kusa ƙarewa, amma labarin bai tsufa ba, ƙiba ma yake ƙarawa duk shekara. Mijin yayata ne, saboda haka na ji shi daga bakin mai shi, na kuma ji daga bakin matar da ba ta rage masa komai.

Yana shekarar ƙarshe a jami'a ya zo tashar, da farar riga ta sha guga, da jaka, da wata 'yar rakoda ta kaset da ya aro. Ya ce bincike ya zo yi. Aka haɗa shi da wani direba mai surutu, ya shiga gidan gaba ya zauna kusa da shi, ya danna rakoda. Direba ya ɗauko tarihinsa tun daga kakansa. Ana cikin haka mota ta cika, kwandasta ya bubbuga jikinta, direba ya tayar ya kama hanya bai fasa magana ba. Shi kuwa ɗalibi, an gargaɗe su a aji cewa mai bincike ba ya katse wanda ke ba shi bayani, kuma ba ya sauya abin da ya tarar ana yi. Sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Aka fita gari yana riƙe da rakoda. Kaset ya ƙare, ya juya shi. Aka wuce gonaki, aka haye gada, rana ta karkata. Sai da aka kai ƙarshen hanya, wani garin da ko sunansa bai taɓa ji ba, direba ya dube shi ya ce, "Af, kai a ina za ka sauka?"

Washegari da hantsi motar ta dawo tasha, ga ɗalibin a maƙale a bakin ƙofa, farar riga ta koma launin hanya, yana kiran fasinja kamar a kan aikin aka haife shi. Ashe zazzaɓi ne ya kwantar da kwandasta a can, shi kuma ya ga bai dace ya ci abincin mutane ya kwana a motarsu a banza ba. Wani ɗan kamasho ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ga Bincike ya dawo!" Tun daga ranar sunansa na gaskiya ya tafi hutu, har yau bai dawo ba.

Ba shi ya zaɓi ilimin zamantakewa ba tun farko. Mahaifinsa kafinta ne, kuma lauya yake so a gidan. Jami'a ta ce gurbin lauyoyi ya cika, amma ga wannan idan yana so. Tsoho ya ajiye zarto ya ce, "Wanda ya karanta likitanci, likita ake ce masa. Wanda ya karanta wannan fa, me ake ce masa?" Ɗan ya yi ta bayani: nazari ne na yadda mutane ke zama tare, yadda iyali da kasuwa da unguwa ke tafiya, da abin da ke haɗa su da abin da ke raba su. Tsoho ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato sai ka je jami'a za ka koyi zama da mutane. Mu da ba mu je ba, da wa muke zaune?" Ya ɗauki zartonsa ya ci gaba da yanka katako.

Amma da ɗan ya shiga jami'ar, karatun ya kama shi fiye da yadda kowa ya zata. A lokacin ne yake neman yayata. Ta ce idan ya zo hira, maimakon ya faɗa mata abin da sauran samari ke faɗa, sai ya zauna ya yi mata bayanin dalilin da ya sa maƙwabtan da suka haɗa famfo suke faɗa, waɗanda suka haɗa katanga kuwa ba sa yi. Ko dalilin da ya sa mutum zai shiga mota ya bar kujera mai kyau ya je ya matsu kusa da wanda ya yi kama da shi. "Na aure shi ne don in ji ƙarshen bayanin," in ji ta. "Har yau ban ji ba."

Da aka zo rubuta kundin kammala digiri, wasu suka ɗauki asibiti, wasu gidan yari, wasu masana'anta. Shi ya ɗauki tashar mota. Malamin da ke duba aikinsa wani dattijo ne mai sanƙo, Farfesa kawai ake ce masa. Ya ce masa, "Kada ka je musu da takardar tambayoyi kamar ɗan ƙidaya. Ka je ka zauna da su, ka ci abin da suke ci, ka yi abin da suke yi. Ka zauna har sai ka daina ganin sabon abu." Bincike mutum ne da idan aka ba shi umarni yake riƙe shi da hannu biyu. Wanda mota ta tafi da shi don kada ya katse direba, ai ba sai an yi dogon bayani ba.

Ya zauna. Ya yi lodi, ya tura motar da ta ƙi tashi, ya kwana a kan benci, ya sha shayi a kofi ɗaya da masu faci. Suka saki jiki da shi har suka manta da rakoda. Bayan 'yan watanni ya rubuta babin farko, kuma saboda yana ganin hakan ne adalci, ya tara su a ƙarƙashin rumfa don ya karanta musu abin da ya rubuta a kansu. Yana karantawa yana fassarawa. Kalmomin littattafan da ya karanta ne ya kwaso: marasa tsayayyen aiki, waɗanda rashin ilimi ya turo tasha, mutanen da ke ƙasan tsanin al'umma. A takarda ba su yi masa nauyi ba. Da suka fito daga bakinsa a gaban masu su, shi kansa ya ji muryarsa tana raguwa.

Direban nan mai surutu ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar. Ya ce, "Bincike, ashe duk shayin nan da muke sha tare, kai a saman tsani kake kana leƙo mu?"

Ba wanda ya zage shi. Da ma zaginsa suka yi, in ji shi, da ya fi sauƙi. Tashi suka riƙa yi ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce layinsa ya zo, wancan ya ce zai duba taya. Kafin yamma ya yayyaga babin. Ya ce zai sake rubuta shi da kalmomin da zai iya karantawa a gaban Farfesa, ya kuma karanta a ƙarƙashin rumfa bai sunkuyar da kai ba. Waɗannan kalmomi su yake nema har yau.

Lokacin miƙa kundi ya wuce. Ya aika aka ce ba shi da lafiya. Ya ce bayan damina zai koma, daga nan ya ce baɗi. Tasha kuwa ba ta jira shi ba, ta samo masa aiki. Shi ne mai tsara layin lodi, shi ne mai raba faɗa, domin yana iya sauraron mutum biyu masu ihu ya faɗa wa kowa abin da ɗan'uwansa ke nufi. Ba a daɗe ba suka naɗa shi sakataren ƙungiyar direbobi, suka ba shi wani ɗan ɗaki mai tebur ɗaya, da fanka mai kallon bango, da tulin kayan da fasinjoji suka manta. Ya auri yayata. 'Ya'ya suka zo. Idan aka tambaye shi karatu, sai ya ce, "Ana kan bincike."

Wasu motocin tashar ta gaban jami'a suke bi. Idan ya shiga ɗaya, da an kusa ƙofar sai igiyar takalminsa ta kwance, ya sunkuya ɗauri har a wuce. Yayata ta ce ta taɓa ganin ya sunkuya alhali silifa ne a ƙafarsa. Akwai kuma ranar da ya hango sanƙon Farfesa a tsakiyar tasha, dattijon yana waige-waige da jaka a hannu. Bincike ya ɗauka dattijon mota ya zo shiga. Ya ce wa 'yan kamasho duk wanda ya tambaya a ce ba ya nan, ya lallaɓa bayan tulin tsofaffin tayoyi ya tsuguna. Bai fito ba sai da ƙafafunsa suka yi tsami aka tabbatar masa mutumin ya tafi.

Haka aka shekara talatin da wani abu. Ba zan ce ya wahala ba. Ya gina gidansa, babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce, mai bi mata yana da garejinsa. Sai dai idon nan na nazarin mutane bai bar shi ba. Idan ya dawo gida ya zauna a ƙofa, sai ya riƙa karanta titi kamar jarida. Manyan 'ya'yan sun gaji da ji tun suna ƙanana. Auta ce kaɗai take jawo kujera. Tun ba ta kai tsawon tebur ba take tambayarsa, "Baba, me ya sa mai kanti yake gaishe da wancan da hannu biyu, wannan kuwa da kai kawai?" Shi kuma ya gyara zama, ya soma daga tushe.

Da ta gama sakandare da sakamako mai kyau, aka zo maganar abin da za ta karanta. Muna cin abincin rana a gidansu ta faɗa, ba ta ko ɗago kai ba: ilimin zamantakewa.

Ya ajiye cokali. "A'a."

"Baba, kai fa ka koya mini."

"Kallo na koya miki, ban ce ki mai da shi sana'a ba. Tsangayar nan tana da faɗi. Ga tattalin arziki, kya shiga banki. Ga kimiyyar siyasa, ko ba komai kya ba wani shawara yana ƙin ji ana biyan ki. Wanda ya karanta wannan naki, me ake ce masa?"

Yayata ta dube ni ta ce, "Ka ji muryar tsoho? Saura zarton."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Auta, dube ni. Ki dube ni da kyau, sannan ki sake faɗa."

Aka yi makonni a haka. Shi ya kafe, ita ta daina jawo kujera. Ta same ni a shago ta ce, "Kawu, ka yi masa magana, kai kaɗai kake tsokanarsa ya ƙyale." Na ce tsokana daban, wannan daban. Amma na ji cewa jami'a za ta yi taron masu neman shiga da iyayensu, inda kowane sashe zai bayyana abin da yake koyarwa da inda ɗalibansa ke ƙarewa. Na ce ya je ya ji da kunnensa, idan ya so ya hana bayan nan. Ya ce yana da taron ƙungiya. Yayata ta ce, "Ko ka je, ko ni in je in faɗa musu inda ɗalibinsu yake." Ranar taron ya fito da farar riga ta sha guga. Ni na tuƙa. Da muka zo ƙofar, hannunsa ya nufi takalmi, ya tuna ciki za mu shiga, ya dawo da shi kan gwiwa.

Babban ɗaki ne mai kujeru hawa-hawa, iyaye suna fifita da takardun da aka raba. Wata malama matashiya mai gilashi ce ta yi bayanin tsangayar. Ta ce mai son tattalin arziki ya shirya wa lissafi, don ba zai rabu da shi ba. Ta yi maganar kimiyyar siyasa, da ilimin halayyar ɗan Adam. Da ta zo kan nata sashen sai muryarta ta canja. Ta ce yanzu ilimin zamantakewa ya yi rassa: akwai nazarin laifuka, akwai aikin walwalar jama'a, akwai nazarin yawan jama'a, da na lafiya, da na ƙwadago. Ta ce ɗalibansu suna aiki a asibitoci, da gidajen gyaran hali, da hukumomin ƙidaya, da ƙungiyoyin agaji, har da kamfanonin da ke son sanin halin masu sayen kayansu. Ta ce ana koya musu sarrafa alƙaluma da kwamfuta, ana kuma koya musu yadda za su rubuta game da mutane ba tare da sun ci zarafinsu ba.

Bincike ya matso da bakinsa kusa da kunnena. "Ka ji? Darasi guda. A zamaninmu babu wannan." Ya yi kama da wanda ya dawo unguwar da ya taso ya tarar an yi wa gidansu bene.

Sai wani uba ya tashi ya ce ya ji ana tura yara kasuwanni da tashoshi da sunan bincike, shin ba hatsari? Malama ta yi murmushi. Ta ce hatsari ɗaya suka sani, kuma duk shekara sai sun ba 'yan ajin ƙarshe labarinsa. Wai an taɓa yin wani ɗalibi da ya je bincike tashar mota, ya shiga hira da direba, mota ta tafi da shi. "Har yau," in ji ta, "ba a gan shi ba."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Ni na ɗaga kai ina duban rufi. Auta ta damƙe jakarta. Shi kuwa yana zaune a miƙe, hannu a kan gwiwa, kamar za a ɗauke shi hoto.

Malama ta ci gaba. Ta ce da shi suke misalin mai binciken da ya narke cikin mutanen da ya je nazari har ya manta hanyar gida. Ta ce marigayi Farfesa ne ya ba su labarin suna ɗalibai, sai dai shi ba ya dariya idan ya kai ƙarshe. Yakan ce laifinsa ne: ya ce wa yaron ya zauna har sai ya daina ganin sabon abu, ya manta bai ce masa ya dawo ko da bai daina ba.

A haka Bincike ya ji rasuwar malaminsa. Sai kawai ya ɗaga hannu, irin ɗagawar 'yan aji, ya miƙe tsaye.

"Malama, da ɗalibin nan ya dawo, da an karɓe shi?"

"Ai Baba, shekara da shekaru Farfesa yana roƙo a ƙara masa lokaci. An ce har tashar ya taɓa zuwa da kansa nemansa, aka ce masa ba ya nan. Yanzu kam lokaci ya wuce. Idan yana raye, sai dai ya faro daga aji ɗaya."

Ya ce, "Na gode," ya zauna.

Muka shiga mota. Da muka zo fita, ya juya ya kalli ƙofar nan sosai, har muka yi kwana yana waiwaye. Can ya gyara murya.

"Auta, ki karanta abinki. Na janye."

Ta ce, "Na fasa, Baba."

"Kin fasa me?"

"Ba zan zauna a ajin da za a riƙa yi wa ubana dariya duk shekara ba. Tattalin arzikin zan yi, kamar yadda ka ce."

"Ai ba su san ni ba ne."

"Ni na sani."

Daga nan abin ya juya. Mutumin da ya yi makonni yana hanawa ya koma roƙo. Ya kwaso duk bayanin malama yana jero mata: ga nazarin laifuka, ga lafiya, ga kwamfuta, ga darasin nan na rubutu ba cin zarafi. Ya ce labarin ma gaskiya ne, kuma da ban dariya, shi ma da yana cikinsu da ya dara. Ya turo mata uwarta, ya turo ni. Ta saurari kowa da ladabi, ta je ta zaɓi tattalin arziki. Taurin kan nan dai ba daga gefenmu ta ɗauko shi ba.

Yanzu tana aji biyu. Tana cin jarrabawa, malamanta suna yabonta, ba ta taɓa cewa ba ta jin daɗi ba. Idan ta zo hutu takan baje littattafai masu layuka suna hawa suna sauka, shi kuma ya tsaya a kanta ya ce, "Wannan ina mutanen suke?" Ta ce, "Suna ciki, Baba, an tara su ne." Ba ta ƙara yi masa tambayar me ya sa ba. Amma yayata ta ce ta taɓa kama ta a bakin taga, ta bar shara a tsakiya, tana kallon masu layin famfo, bakinta yana motsi kaɗan-kaɗan irin na ubanta.

Shekaranjiya na je tasha karɓar saƙo. Na tarar da shi a ɗan ɗakinsa, fanka tana ta yi wa bango fifita, shi kuma ya gama sasanta wasu direbobi biyu da suka fita suna dafa juna. Na ce bari in taɓa shi.

"Yaya Bincike, a jami'a fa an ce har yau ba a gan ka ba. Motar nan ba ta da niyyar dawowa da kai ne?"

Ya yi 'yar dariya, ya leƙa ta ƙofa inda ake wa wata mota lodi.

"Ni ai washegari ta dawo da ni," in ji shi. "Ƙafata ce ba ta ƙarasa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Auta. Ta zo da inda take son zuwa, na saka ta a motar wani gari, kuma da hannuna na rufe ƙofar."